Kukan Mai Jita Daga Agadas a Kunnen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da sojojin fadar shugaban ƙasa suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai, mai jita Mdou Moctar da abokan kiɗansa suna Amurka suna yawon wasa. Aka rufe iyakokin Nijar ta ƙasa da ta sama. Ecowas ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba maƙwabciyarta, aka datse hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. Mutum uku cikin huɗun da ke ƙungiyar 'yan Nijar ne, iyalansu na can, su kuma ba hanyar komawa. A wannan zaman jiran ne suka shiga wani ɗakin ɗaukar sauti a unguwar Brooklyn ta birnin New York, suka ajiye jitar lantarki suka ɗauki ta katako, suka zauna wuri ɗaya suka sake rera waƙoƙin wani kundi da suka riga suka kammala. Cikin kwana biyu suka gama.

Kundin da suka riga suka kammala shi ne Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, wanda kamfanin Matador ya fitar a watan Mayun 2024. Wanda aka ɗauka a zaman jiran kuwa sai a farkon 2025 ya fito, da sunan Tears of Injustice, hawayen zalunci. Waƙoƙin kusan duka ɗaya ne, baitocin ma haka. Amma na farkon tsawa ne, ganguna na gudu, jita na kururuwa. Na biyun in ka kunna shi da dare sai ka matso da waya kusa da kunne. Murya za ka ji ta mutumin da hankalinsa ke gida, da tsirkiyar jita da yatsa ke taɓawa ɗaya bayan ɗaya, da ɗan kiɗan hannu can baya.

A Turai da Amurka, inda aka saba kwatanta Mdou da Jimi Hendrix saboda yadda yake sarrafa jitar lantarki, wanda ya zo neman wannan wutar zai ji an rage masa wani abu. Wanda kuma ya san cewa a gidajen Agadas da sansanonin makiyaya da jitar katako ake hira, zai ce yanzu ne mutumin ya komo gida. Wannan saɓanin nasu ne su can. Abin da ya fi damuna shi ne namu. Sunan Mdou Moctar bai kai na Rarara ko Hamisu Breaker amo ba a kasuwar Sheme ko tashar Ƙanƙara, wannan a fili yake. Amma gardamar da kundinsa ya tayar, ko shugaban makaɗa na da ikon ya sallami hayaniya ya zauna ya yi kukansa, tsohuwar gardama ce a kudancin Katsina. Kuma a shekarun nan babu inda take da nauyi kamar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Daga Sakkwato aka fara

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Ba'abzine ne, asalinsa daga yankin Azawak na jihar Tawa, inda Abzinawa da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya. Ya taso a gidan da ba a kallon kiɗa da mutunci, irin gidajen da mu ma muka sani. Bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jitar Abzinawa a Nijar, sai ya nemi katako da wayar birkin keke ya haɗa tasa. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa har yau. Ya yi ci-rani a Libiya kamar dubban samarin ƙasarsa, ya dawo ya shiga wasan biki.

A 2008 ya tsallako Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar. Lokacin kiɗan fiyano na finafinan Hausa ya cika gari, da na'urar nan mai lanƙwasa murya ta mai da ita siririya. Da wannan salon aka ɗauki waƙoƙinsa, da harshen Tamashek. Duk wanda ya taso da waƙoƙin fim na wancan zamani, in aka kunna masa Anar zai ji ya san kiɗan ko da bai gane kalma ɗaya ba. Ba a kai kundin kasuwa ba a lokacin. Waya zuwa waya ya bi, ta Bluetooth da memori, har ya isa arewacin Mali. A can ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci waƙar "Tahoultine" a wayoyin mutane, ya sa ta cikin wani kundi na waƙoƙin wayoyin Sahara, sannan ya shiga cigiyar mai ita.

Mutanenmu sun san wannan hanya sarai. Rumfar mai tura waƙa, da kwamfutarsa da ƙaramin janareto, ita ce shagon faifan ƙauye. A watan Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wayar hannu ta koma rediyo da fitila. Abin da ke cikin memori shi ne abin da mutum zai ji, sai kuma wanda aboki ya tura masa suna zaune gwiwa da gwiwa. A irin wannan yanayi waƙa ba ta yaɗuwa don an tallata ta. Sai wani ya ji ta ratsa shi, har ya ce wa na kusa da shi, kawo wayarka.

Kafin duniya ta san shi da ƙungiya, Mdou ya taɓa yin kundi shi kaɗai tilo. A 2017, a birnin Portland, ya ɗauki Sousoume Tamachek, inda shi ne mai jita, shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, shi ne kuma yake yi wa kansa amshi ta hanyar ɗora murya kan murya. Sanyayyun waƙoƙi ne na bege da tuna ƙuruciya. Daga baya ne ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun a jita mai kauri. Ilana ya fito a 2019, Afrique Victime a 2021, daga nan sai manyan dandali.

Kunnen da Shata ya rena

Ba za a yi maganar yadda mutumin wannan yanki ke auna waƙa ba a tsallake Alhaji Mamman Shata. A Musawa aka haife shi, a Funtuwa ya yi zamansa na ƙarshe, ya rasu ranar 18 ga Yunin 1999 aka binne shi a Daura. Funtuwa kuwa ita ce babbar kasuwar Faskari da Sabuwa da Ɗandume, nan ake kai masara da auduga, nan ake zuwa asibiti da banki. Ba mamaki da ya kasance littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah!, wanda ya fito a 2006, Ibrahim Sheme ɗan ƙasar Faskari ne ya jagoranci rubuta shi, kuma Aliyu Ibrahim Ƙanƙara na cikin marubutansa. Mutanen nan ba labarin Shata suka ji ba. Iyayensu sun tsaya a filin da yake wasa.

To, mece ce waƙa a wurin wanda Shata ya rena wa kunne? Taro ce. Ga makaɗan kalangu a jere, su ne kuma 'yan amshi. Ga sanƙira yana kirari yana sanar da wanda ya yi kyauta. Shata na tsaye yana jefo magana nan take, ba rubutu ba bita, su kuma suna dawo masa da layi ɗaya tak, sau goma, sau hamsin, har layin ya zauna a bakin yaro da babba. Amshin nan shi ne ke ba shi numfashi ya ƙirƙiro ɗa na gaba, shi ne kuma ƙofar da ɗan kallo ke shiga waƙar. Haka abin yake a ɓangaren mata. Hajiya Barmani Choge, 'yar Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwaryarta da matan da ke amsa mata take cika gidan biki. Haka Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa da yaransa, can Maradun da Bakura.

Saboda haka in ka kunna wa dattijon da ya sha wannan ruwan waƙar mutum ɗaya da tsirkiyarsa, ba wuya ka ji ya tambaye ka, ɗana, ina mutanensa? A ganinsa makaɗin da ya isa ba ya tafiya shi kaɗai. Yawan yaransa shi ne shaidar arzikinsa da iya riƙonsa. Wanda ya zauna yana rera baƙin cikinsa ba mai amsa masa, ko dai an guje shi ko dai wani abu na damun sa da ya kamata ya bar wa cikinsa. Kuma waƙa aikinta ta ɗebe kewa, ta tsuma maza, ta sa manomi ya ƙara kunya ɗaya kafin rana ta faɗi. Waƙar da ke kashe jiki, in ji masu wannan ra'ayi, ba ta yi aikinta ba.

Ban raina wannan ra'ayi ba ko kaɗan, domin akwai hikima a cikinsa. Al'ummar da ke noma da gayya, ta yi gini da gayya, ta ɗauki gawa da gayya, ba abin mamaki ba ne in ta ɗauki kaɗaici a matsayin alamar ciwo.

Sai dai wannan kunnen dai shi ne ya karɓi Ɗanmaraya Jos hannu biyu. Adamu Wayya, haifaffen Bukuru, maraya tun yana ƙarami, ya yi rabin ƙarni yana yawo da kuntigi, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya. Ba ya da ayarin kalangu. Shi ke tambaya shi ke amsawa, in ya ga dama ya zama miji ya zama mata a waƙa ɗaya, kamar yadda yake yi a waƙoƙinsa na zaman aure. Ya yi wa karen mota waƙa lokacin da manyan makaɗa ke bin sarakuna da attajirai. "Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali" ba waƙar rawa ba ce, amma har ya rasu a watan Yunin 2015 masu sauraro ba su daina nemanta ba. Haruna Uji da gurminsa a Haɗeja ma haka, in ya shiga bege sai ka ji wuri ya yi tsit.

In an ƙara zurfafawa, muryar mutum ɗaya mai kuka ta girmi rediyo a ƙasar Hausa. Waƙar niƙa ta mata ke nan, inda mace ke gurfane gaban dutse tana faɗa wa hatsi abin da ba za ta iya faɗa wa miji ko uwar miji ba. Ga makafi a bakin kasuwa suna rera Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, da baitocinta na mutuwa da kabari da hisabi, mutane na tsayawa suna saurare suna ba da sadaka. Ga marsiyoyin da Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo. Duk wanda ya ce waƙar baƙin ciki baƙuwa ce a wurinmu bai duba da kyau ba. Abin da dai ya tabbata shi ne ba a cika ba ta tsakiyar fili ba. Wurinta ɗaki, ko zaure, ko gindin bango.

Abin da ya faru da filin

Yanzu filin ma ya yi wuya. A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka shiga Kadisau ta ƙasar Faskari suka kashe mutane da dama a yini ɗaya. A wannan shekarar makarantu a Faskari da Ɗandume suka zama masaukin waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Ranar Juma'a 11 ga Disamba da dare aka kwashi ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su daji, sai ranar 17 ga wata aka sako yara 344. A watan Yunin 2024 aka afka wa 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara. Sabuwa, wadda ke jingine da dazukan Birnin Gwari, ta sha nata, sau da yawa ba tare da labarin ya kai jarida ba. Hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara da ta 'Yankara zuwa Tsafe suka zama hanyoyin da ake shiga da addu'a. Manomi ya biya kafin ya shuka, ya biya kafin ya girbe, in an ɗauki nasa ya sayar da gonar ya biya fansa.

Kiɗan taro dare yake so, da kwanciyar hankali, da mutanen da ke da abin liƙi a aljihu. Inda ake ɗaura aure da hantsi a watse kafin la'asar, inda ƙarar janareto da lasifika ke iya janyo ido daga daji, makaɗin kalangu ya rasa wurin tsayawa. Sauraro ya koma na mutum ɗaya: ɗan acaɓa da abin kunnensa, matar da ke zaman takaba da ƙaramar wayarta, ɗan sa-kai a bakin gari yana jiran asuba. Irin sauraron da kundi kamar Tears of Injustice ke bukata ke nan, ko da ba shi suke ji ba. Abin da suke ji shi ne Nura M. Inuwa da ire-irensa, waƙoƙin rabuwa da maraici da cin amana. Ana kiransu waƙoƙin soyayya, amma ina ganin ba duk mai maimaita su ne budurwa ta yaudara ba. Wani ƙaninsa ne ke daji wata uku. Waƙar ta ba shi inda zai ajiye abin da ke ransa ba tare da ya ambaci sunansa ba.

Nan ne ra'ayi ya fi rabuwa, kuma duka ɓangarorin mutanen da abin ya shafa ne. Akwai wanda zai ce maka, Malam, mu da muke cikinsa ba ma bukatar a tuna mana. Kunnen da ya ji harbi da kukan mata jiya, yau abin da zai mantar da shi yake nema. A 2020 ɗin nan dai "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi, mata na rawa a gidajensu lokacin kullen korona, kuma ban ga laifin wanda ya nemi wannan sauƙin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga mai wannan ra'ayi, waƙar kuka fami ce, kuma ya fi dacewa da wanda ke zaune Kano ko Abuja, wanda ke da sararin ya yi baƙin ciki na minti bakwai ya kashe waya ya yi barci.

Akwai kuma wanda zai ce a'a, abin da ya fi ciwo shi ne a yi kamar ba a yi ba. An kashe mutum, an yi sadakar uku, an watse, rediyo ta ci gaba da waƙar ɗan takara. Wannan mutumin ba ya neman a sa shi kuka, yana neman shaida ce cewa abin da ya same shi ya faru, kuma ya isa a tsaya a kansa. In ya ji muryar da ta rage gudu ta yi nauyi, sai ya ji an girmama mamacinsa.

Na ukun shi ne ya fi wuyar amsawa, domin daga addini da tarbiyya ya taso. An hana kururuwa da yage tufafi a kan mamaci. A zaman makoki ya haƙuri ake tambaya, a amsa da godiya. Namiji ba ya nuna raki, mace mai kunya ba ta bayyana zafin rashin ɗan fari. Ga mai wannan fahimta, wurin kai kuka sallar dare ce da alƙunutu, ba tsirkiya ba, kuma malamai da yawa ba su yarda da kayan kiɗa ba tun asali. Mdou kansa daga irin wannan gida ya fito. Abin da zan iya cewa kawai shi ne hawaye daban, kururuwa daban, kuma al'ummar da ta riƙe Imfiraji da marsiyoyin Nana Asma'u ta daɗe da sanin bambancin. Amma wanda ya zaɓi ya yi shiru ya bar wa Allah, ba ni da bakin ce masa ya yi kuskure.

Amshin da aka je nema gida

Akwai wani abu game da yadda aka gama Tears of Injustice da nake so dattijon nan mai tambayar ina mutanensa ya ji. Bayan kamar wata guda hanya ta buɗe, 'yan ƙungiyar suka sami komawa Nijar. Coltun, wanda shi ne mai haɗa sautin, ya ba Madassane wata ƙaramar na'urar ɗaukar murya ya tafi da ita. A can gida ya tara wasu Abzinawa suka rera amshi, aka aiko da shi aka ɗora kan abin da aka ɗauka a Brooklyn. Saboda haka muryoyin da kake ji suna amsa wa Mdou a kundin ba su kasance tare da shi a ɗakin ba. Ya yi kiransa a wata nahiya, amsar ta zo daga wata, bayan makonni.

Wannan ne ya sa na fi ɗaukar kundin 2025 da nauyi a kan na 2017, ko da yake na 2017 ya fi daɗin kunne. A Sousoume Tamachek mutum ne ke amsa wa kansa, kuma komai gwanintarsa kana jin murya ɗaya ce ta rabu biyu. A Tears of Injustice ya rage ƙara, ya ajiye bajintar da ta yi masa suna, amma bai yarda ya zauna shi kaɗai ba. Waƙar "Imouhar" ita ce ta fi nuna haka. A kundin lantarki tana farawa a hankali sai ta fashe da gudu. A na katako ta ƙara tsawo, ba ta gaggawa, jita na zagaye wuri ɗaya har sai muryoyin sun shigo. Wanda ya saba da yadda amshin Shata ke dawowa ba gajiya zai gane ginin, ko da kayan aikin sun bambanta.

Sai dai akwai katanga, kuma ba ƙarama ba ce. Bahaushe magana yake bi a waƙa kafin kiɗa. Azanci yake nema, da habaici, da karin maganar da zai ɗauka ya kai majalisa. Jita ta yi minti uku tana magana ita kaɗai, a wurin da yawa daga cikinmu jiran mawaƙi ake yi ya dawo. Mdou kuwa da Tamashek yake waƙa. In ba a fassara wa mutum ba, ba zai san cewa "Imouhar" kira ne ga Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu a bakin 'ya'yansu ba, ko cewa "Oh France" tuhuma ce ga tsohuwar uwargijiyar Nijar. Shekaru sama da hamsin kamfanonin Faransa suka yi suna haƙar yuraniyom a Arlit ana kunna fitilun Turai da shi, yawancin ƙauyukan Nijar kuwa ba su da wuta. Shugabannin Afirka ma bai ƙyale su ba, su ne waɗanda waƙar da aka sa wa kundin lantarki sunanta ke fuskanta kai tsaye. A kundin lantarki waɗannan maganganu fushi ne, ana jefa su. A na katako sai suka zama kamar mutum na lissafa abin da ya rasa. Manomin Sabuwa da aka fassara wa su ba zai bukaci dogon bayani ba kan ƙasa mai arziki da mutanenta ke kwana da tsoro.

Wa zai biya?

Tambayar da ta rage ita ce me ya sa ba a sami irin wannan kundi daga nan ba, da Hausa, daga bakin wanda ya isa a saurare shi. Ba rashin mawaƙa ba ne. Dauda Kahutu Rarara ɗan Ɗanja ne, nan kusa, kuma babu mawaƙin siyasa da ya kai shi amo a Arewa tun 2015. An yi waƙoƙin kukan rashin tsaro, wasu na da kyau ƙwarai, amma ɗaiɗai suke fitowa, su yi mako biyu a wayoyi su nutse. Dalilin a sarari yake. Waƙar Hausa tun asali ubangida ke riƙe ta: sarki, attajiri, ango, ɗan takara. Shi ke biyan situdiyo, shi ke ba da mota, shi ke kai mawaƙi Makka. Waƙar makoki ba ta da ubangida. Wanda aka kashe wa ɗa ba shi da abin bayarwa, wanda ke da abin bayarwa kuma ba ya son a riƙa tuna wa jama'a abin da ya faru a zamaninsa. Akwai kuma tsoro na zahiri, domin mawaƙin da ya ambaci sunan gari da sunan wanda ya ƙone shi, gobe ta hanyar zai bi.

Salon yabo kuwa duk mai ƙarfi yana iya sayen sa. A 2021 wata waƙa da ke wasa jagoran 'yan bindiga Bello Turji ta zagaya wayoyi a Arewa, da kirari da amshi, a tsarin da aka saba yi wa mazan fama. Mutane da yawa sun ji zafin ta, kuma sun yi gaskiya. Amma ta nuna inda kayan kiɗa ke karkata in aka bar su ga mai biya kawai.

Mdou ya iya yin abin da ya yi ne domin abincinsa ba ya hannun wani ɗan siyasar Yamai. Kamfanin faifai ne a New York ke buga shi, tikitin 'yan kallo ke ciyar da shi, har yana samun rarar da yake haƙa rijiyoyi a ƙauyukan ƙasarsa. Ɗanmaraya ma rediyo da kamfanonin faifai da kaset ne suka ba shi damar yi wa karen mota waƙa ya rayu. Wannan kasuwar ta mutu. Mai tura waƙa a rumfa yana karɓar kuɗinsa, mawaƙi ba ya ganin ko kwabo, abin da YouTube ke biya kuma sai wanda ke da miliyoyin masu kallo. Tun da aka kafa rundunar tsaron al'umma ta jihar Katsina a watan Oktoban 2023, aka kuma yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi a 2025, ciki har da Faskari, maganar da ta fi yawa ita ce ta komawa gona da buɗe kasuwa, kuma haka ya kamata. Amma sunayen waɗanda aka binne a Kadisau da 'Yargoje suna bakin danginsu ne kawai, kuma yaran da aka shiga da su daji daga Ƙanƙara a 2020 yanzu samari ne, da yawansu sun kai shekarun da Mdou ya fara wasan biki.